Sharhi: An wanke su bayan shekaru a gidan yari, amma wa zai biya su rayuwar da ta salwanta?

A ranar 13 ga watan Mayun 2025, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke birnin Landan ta soke hukuncin da aka yanke wa Peter Sullivan, dattijo ɗan shekara 68, wanda ya shafe shekara 38 a tsare bisa laifin kisan wata budurwa mai suna Diane Sindall a garin Birkenhead a 1986. Hujjar da aka ɗaure shi da ita a 1987 ta ginu ne a kan amsa laifin da ya yi a hannun 'yan sanda, wanda daga baya ya janye, da kuma ra'ayin masanan da suka ce shatin cizon da aka gani a jikin marigayiyar ya yi daidai da haƙoransa. Abin da ya rushe wannan hujja shi ne ɗan samfurin da aka ɗauka daga jikin gawar aka adana tun wancan lokaci. Da aka sake auna shi da na'urorin zamani, sai aka tarar ƙwayar halittar da ke ciki ta wani namiji ce dabam.

Kimanin wata takwas kafin nan, a Satumbar 2024, wata kotu a birnin Shizuoka na ƙasar Japan ta wanke Iwao Hakamada, tsohon ɗan dambe da aka yanke wa hukuncin kisa a 1968 bisa zargin hallaka mutum huɗu 'yan gida ɗaya. An sake shi tun 2014, bayan gwajin ƙwayar halitta ya jefa shakku a kan jinin da ke jikin tufafin da aka ce nasa ne, amma sai da aka ƙara shekara goma kafin kotu ta furta cewa ba shi da laifi, ta kuma ce masu bincike ne suka ƙirƙiri hujjojin. Ranar da aka yanke wannan hukunci Hakamada bai halarci kotu ba, domin shekarun da ya yi yana jiran hauni sun taɓa masa hankali. Yayarsa Hideko, mai shekara 91, ita ce ta tsaya a madadinsa.

Waɗannan shari'o'i biyu sun faru a ƙasashen da ake yi wa kallon masu ingantaccen tsarin shari'a, kuma sun sake tayar da tambayoyi uku da suka shafi kowace ƙasa mai kotu da gidan yari. Ta yaya ake ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba? Me gwajin ƙwayar halitta, wanda aka fi sani da DNA, yake iya gyarawa, kuma ina iyakarsa? Sannan wace rayuwa ce ke jiran mutumin da aka buɗe wa ƙofa bayan ƙuruciyarsa ta ƙare a bayan kanta?

Gwajin da ya fara da wanke mutum

A shekarar 1984 ne Alec Jeffreys, masanin kimiyya a Jami'ar Leicester da ke Ingila, ya gano cewa a cikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam akwai wasu gurabe da tsarinsu ya bambanta daga mutum zuwa mutum, ta yadda za a iya bambance kowa da su, in ban da tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya. Jini da maniyyi da yawu da saiwar gashi duk suna ɗauke da wannan tambari. Aikin ɗakin gwaji shi ne ya fitar da tambarin daga abin da aka samu a wurin da aka aikata laifi, ya kwatanta shi da na wanda ake tuhuma.

Karon farko da aka yi amfani da gwajin a binciken kisa, abin da ya fara yi shi ne kuɓutar da wanda ake zargi. A 1986 'yan sandan yankin Leicester sun kama wani matashi ɗan shekara 17, Richard Buckland, wanda ya amsa cewa shi ya kashe wata yarinya mai suna Dawn Ashworth. Suka kai wa Jeffreys samfur da fatan ya tabbatar musu cewa shi ne kuma ya kashe wata yarinyar, Lynda Mann, a 1983. Sakamakon ya nuna cewa lallai mutum ɗaya ne ya aikata kisan biyu, amma ba Buckland ba ne. Sai da aka ɗebi jinin maza kimanin 5,000 a ƙauyukan yankin kafin asirin Colin Pitchfork ya tonu, aka ɗaure shi a 1988. Tun daga ranar farko ke nan gwajin ya nuna cewa mutum na iya amsa laifin da bai aikata ba.

A Amurka, Gary Dotson na jihar Illinois yana cikin na farko da gwajin ya wanke a 1989, shekara goma bayan an same shi da laifin fyaɗe. A 1993 Kirk Bloodsworth na jihar Maryland ya zama mutum na farko a ƙasar da aka taɓa yanke wa hukuncin kisa sannan DNA ta kuɓutar da shi. Shekara guda kafin nan, lauyoyi biyu, Barry Scheck da Peter Neufeld, suka kafa ƙungiyar Innocence Project a birnin New York domin bin kadin fursunonin da ke da sauran samfurin da za a iya gwadawa. Ya zuwa 2020 ƙungiyar ta lissafa mutum 375 da DNA ta wanke a Amurka, 21 daga cikinsu sun zauna jiran hauni, kuma a matsakaicin lissafi kowannensu ya yi shekara 14 a tsare.

Hanyoyin da kuskure ke shigowa

Amfanin waɗannan shari'o'i ya wuce sakin mutanen da abin ya shafa. Da yake an tabbatar ba su da laifi, sai masana suka koma cikin takardun shari'arsu suna neman inda aka kauce, kuma abin da suka tarar ya riƙa maimaita kansa.

Na farko shi ne kuskuren shaidar gani da ido, wanda ya shiga cikin kashi 69 cikin 100 na waɗancan shari'o'i 375. A 1984 wani mutum ya kutsa ɗakin wata ɗaliba mai suna Jennifer Thompson a jihar North Carolina ya yi mata fyaɗe. Ta yi ƙoƙarin haddace fuskarsa, ta kuma nuna Ronald Cotton a cikin hotuna, ta sake nuna shi a jerin mutanen da aka tsayar a gabanta. A 1987, da aka kawo ainihin mai laifin, Bobby Poole, cikin kotu, sai ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Cotton ya yi fiye da shekara goma a gidan yari kafin DNA ta wanke shi a 1995. Thompson ba ƙarya ta yi ba, ta yi imani da abin da ta faɗa. Masana halayyar ɗan Adam sun nuna cewa tsoro da duhu da ganin makami suna gurɓata abin da ƙwaƙwalwa ke riƙewa, kuma da zarar mai shaida ya nuna wani sau ɗaya, fuskar wanda ya nuna ita ke maye gurbin ta ainihi a zuciyarsa.

Na biyu shi ne amsa laifi na ƙarya, wanda aka samu a kashi 29 cikin 100. A 1989 aka kama yara biyar baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, masu shekara 14 zuwa 16, bisa zargin yi wa wata mata fyaɗe da dukan kawo wuƙa a filin shaƙatawa na Central Park da ke New York. Bayan sa'o'i masu yawa ana yi musu tambayoyi, huɗu daga cikinsu suka amsa laifi a gaban kyamara. Tun a lokacin DNA ɗin da aka samu ba ta yi daidai da ta ko ɗayansu ba, amma aka ɗaure su, domin maganar bakinsu ta fi ƙarfi a kunnen masu yanke hukunci. A 2002 wani fursuna mai suna Matias Reyes ya ce shi kaɗai ya aikata, gwaji kuma ya gaskata shi. Yaro, ko mai raunin hankali, ko wanda aka hana barci aka kuma yi masa alƙawarin komawa gida idan ya sa hannu, yana iya faɗin duk abin da ake so ya faɗa.

Na uku shi ne ilimin bincike marar tushe. A 2015 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta amince cewa 26 daga cikin ƙwararrunta 28 masu kwatanta gashi da madubin ƙara girma sun zuzuta hujjarsu a gaban kotu fiye da abin da kimiyya ta yarda da shi, kuma an samu irin wannan kuskure a fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'o'i 268 da aka fara dubawa. Kwatanta shatin cizo, irin wanda aka ɗaure Peter Sullivan da shi, shi ma ya rasa ƙimarsa a wajen masana da dama.

Na huɗu shi ne ɓoye hujja. An ɗaure Michael Morton na jihar Texas a 1987 bisa zargin kashe matarsa. Mai gabatar da ƙara, Ken Anderson, bai miƙa wa lauyoyinsa bayanin da ke nuna cewa ɗansu ɗan shekara uku ya ga abin da ya faru, ya kuma ce mahaifinsa ba ya gida a lokacin ba. An yi shekaru ana jayayya kafin a yarda a gwada wani ɗan ƙyalle mai jini da aka tsinta kusa da gidan. Gwajin ya nuna wani mutum mai suna Mark Norwood, aka saki Morton a 2011 bayan kusan shekara 25. Anderson, wanda a lokacin ya riga ya zama alƙali, ya rasa lasisinsa na lauya, aka kuma yanke masa ɗaurin kwana goma.

Shari'ar Morton ta fito da wata asarar da ba a cika lissafawa ba. Daga baya an samu Norwood da laifin kashe wata matar, Debra Baker, a 1988, lokacin da Morton ke gidan yari. Duk ranar da aka ɗaure marar laifi, a ranar ne aka rufe bincike a kan mai laifin, aka bar shi yana yawo cikin jama'a. A cikin shari'o'i 375 ɗin nan an gano ainihin masu laifi 165, kuma da yawansu sun sake aikata fyaɗe ko kisa a tsakanin lokacin.

Akwai kuma batun launin fata da talauci. Rumbun bayanan waɗanda aka wanke a Amurka, wanda wasu jami'o'in ƙasar suka kafa a 2012, ya tattara sunayen mutum fiye da 3,000 tun daga 1989. Rahotonsa na 2022 ya nuna cewa baƙar fata su ne kashi 53 cikin 100 na waɗanda aka wanke, alhali ba su kai kashi 14 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba.

Inda ƙarfin gwajin ya tsaya

Duk da wannan tasiri, DNA ba maganin kowace cuta ba ce. Tana aiki ne kawai inda mai laifi ya bar wani abu daga jikinsa, aka ɗauka yadda ya kamata, aka kuma adana. Wannan ya sa yawancin waɗanda ta wanke shari'o'in fyaɗe da kisa ne. A fashi da makami, ko harbi daga nesa, ko tuhumar miyagun ƙwayoyi, sau da yawa babu abin gwadawa. Ko a cikin rumbun bayanan Amurka, waɗanda DNA ta taimaka wajen wanke su ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ma'ana, mutanen da gwajin ya ceto ɗan samfur ne na wani adadi mafi girma da ba shi da hanyar kare kansa. Wani nazari da Samuel Gross da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa aƙalla kashi huɗu cikin 100 na waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa a Amurka ba su da laifi.

Haka kuma gwajin kansa yana iya ɓatar da masu bincike. 'Yan sandan Jamus sun shafe shekaru suna farautar wata mata da suka riƙa ganin DNA ɗinta a wuraren laifuka da dama, har da kisan wata 'yar sanda a birnin Heilbronn. A 2009 aka gano cewa matar ma'aikaciya ce a masana'antar da ke haɗa tsinken audugar da ake ɗaukar samfur da shi. A 2012 an tsare Lukis Anderson na jihar California na tsawon watanni bisa zargin kisa, saboda an samu DNA ɗinsa a farcen mamacin, alhali a daren yana kwance a asibiti. Ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya da suka kai shi asibiti su ne daga baya suka je wurin gawar. Gwajin yana faɗin na wane ne samfurin, amma ba ya faɗin yadda aka yi ya isa wurin. Shi ya sa ƙarfinsa wajen cewa ba wane ba ne ya fi ƙarfinsa wajen cewa wane ne ya aikata.

Ko samun izinin yin gwajin ma wani yaƙi ne. A 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa kundin tsarin mulkin ƙasar bai bai wa wanda aka riga aka ɗaure 'yancin a yi masa gwajin DNA kai tsaye ba, ta bar lamarin a hannun jihohi. A Birtaniya, tun 2007 aka samu DNA ɗin wani namiji dabam a rigar matar da aka ɗaure Andrew Malkinson saboda ita, amma hukumar sake duba shari'o'in laifuka ta ƙasar ta ƙi miƙa ƙararsa gaba har sau biyu. Sai a watan Yulin 2023 aka soke hukuncinsa, bayan ya yi shekara 17 a gidan yari.

Bayan an buɗe ƙofa

Ranar sakin wanda aka wanke rana ce ta kyamarori da rungume-rungume, amma tsugune ba ta ƙare ba. A wurare da dama, fursunan da ya aikata laifi ya kuma gama wa'adinsa yana fita da tsari: jami'in da zai riƙa bibiyarsa, da masauki na wucin gadi, da shirin neman aiki. Wanda aka wanke kuwa, da yake doka ba ta ɗauke shi mai laifi ba, sau da yawa ba ya cikin waɗanda wannan tsari ya shafa. An saki Victor Nealon a Ingila a 2013, bayan shekara 17, da fam 46 a hannunsa. An saki Glenn Ford a jihar Louisiana a 2014, bayan kusan shekara 30 yana jiran hauni, da katin kuɗi na dala 20. Ford ya rasu da cutar dajin huhu a 2015 ba tare da jihar ta biya shi diyya ba, ko da yake wanda ya gabatar da ƙararsa, Marty Stroud, ya fito fili ya nemi gafararsa.

Tun a cikin gidan yari marar laifi yake fara biyan farashin gaskiyarsa. Hukumomin da ke sakin fursuna kafin cikar wa'adi suna son ganin nadama, nadama kuwa tana buƙatar amsa laifi. Malkinson zai iya neman saki bayan kimanin shekara bakwai, amma ya ƙara wasu goma saboda ya ƙi cewa ya aikata abin da bai aikata ba.

A waje kuma duniya ta riga ta yi gaba. Mahaifiyar Kirk Bloodsworth ta rasu watanni kaɗan kafin a sake shi. Kevin Strickland na jihar Missouri, wanda ya yi fiye da shekara 42 a tsare, ya fito a Nuwambar 2021, watanni uku bayan rasuwar tasa mahaifiyar, kuma kabarinta ya fara ziyarta. Aure ya mutu, 'ya'ya sun girma a hannun wasu, sa'o'in mutum sun yi aiki sun tara abin fansho, shi kuwa takardar neman aikinsa tana da giɓin shekara ashirin ko talatin. A jihohin Amurka da yawa sunansa yana nan a kundin masu laifi har sai ya sake shigar da wata ƙarar a goge, ga kuma tsofaffin labaran jaridu da ke zaune a intanet. Wanda ya shiga gidan yari kafin zuwan wayar hannu yakan fito ya tarar da neman aiki da buɗe asusun banki da ganin likita duk sun koma kan waya.

Raunin da ya fi wuyar warkewa shi ne na zuci. Adrian Grounds, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Cambridge, ya duba maza 18 da aka saki bayan an soke hukuncinsu, ya wallafa sakamakon a 2004. Ya tarar 14 daga cikinsu halinsu ya sauya sauyi mai ɗorewa, 12 kuma suna fama da firgicin da ke biyo bayan masifa. Iyalansu sukan ce mutumin da ya dawo ba shi ne wanda aka tafi da shi ba: ga saurin fushi, ga son kaɗaici, ga rashin yarda da kowa. Akwai waɗanda suka miƙe, kamar Yusef Salaam, ɗaya daga cikin yaran Central Park, wanda aka zaɓa ɗan majalisar birnin New York a 2023, da Ronald Cotton, wanda ya yafe wa Jennifer Thompson har suka riƙa zagayawa tare suna kiran a gyara yadda ake nuna wanda ake zargi. Sai dai irin waɗannan su ne ake gani a talabijin, saura kuwa suna can suna fama a ɓoye.

Diyya: sa'ar inda aka ɗaure ka

A Amurka abin da mutum zai samu ya danganta da jihar da ta ɗaure shi. Dokar tarayya ta 2004 ta tanadi dala 50,000 a kan kowace shekara, da dala 100,000 ga wanda ya zauna jiran hauni, amma ta shafi fursunonin tarayya ne kawai. Texas tana biyan dala 80,000 a kan kowace shekara tare da wani kuɗin da ake ci gaba da biya, a ƙarƙashin dokar 2009 da aka sa wa sunan Timothy Cole, ɗalibin da ya rasu a gidan yari a 1999, shekara goma kafin kotu ta wanke shi. Dokar Wisconsin kuwa ta daɗe a kan dala 5,000 a shekara, kuma jimilla ba ta wuce dala 25,000. Strickland bai samu ko sisi daga Missouri ba lokacin da ya fito, domin dokar jihar a wancan lokaci waɗanda DNA ta wanke kaɗai take biya. Jama'a ne suka tara masa fiye da dala miliyan ɗaya da rabi ta intanet. Yaran Central Park sun samu dala miliyan 41 a 2014, bayan fiye da shekara goma suna shari'a da birnin New York. Hakamada ya samu yen miliyan 217 a Maris ɗin 2025, yana da shekara 89.

A Ingila da Wales, tun 2014 doka ta ce ba a biyan diyya sai sabuwar hujja ta nuna babu ko shakka cewa mutum bai aikata laifin ba. Da wannan sharaɗi aka hana Nealon, kuma Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ƙi goyon bayansa a 2024. Har zuwa Agustan 2023 ana iya cire kuɗin ci da kwana na zaman gidan yari daga diyyar wanda aka wanke. Fushin da shari'ar Malkinson ta tayar ne ya sa gwamnati ta soke wannan ƙa'ida.

Abin da ya shafi Najeriya

A nan gida an fi sanin DNA da rikicin tantance uban yaro. A fagen binciken laifuka kuwa da sauran tafiya. Jihar Legas ta buɗe cibiyarta ta gwajin DNA da binciken kimiyya a 2017, amma aka lalata ta a tarzomar Oktoban 2020. Galibin shari'o'in manyan laifuka a ƙasar nan suna tsayawa ne a kan shaidar gani da ido da takardar amsa laifi, wato hujjoji biyun da gwajin ya nuna sun fi kowace saurin kai marar laifi gidan yari. Rashin jin labarin waɗanda DNA ta wanke a Najeriya ba ya nufin kotunanmu ba sa kuskure. Yana nufin ma'aunin da zai tona kuskuren ne ba mu kafa ba.

Alƙaluman Hukumar Kula da Gidajen Gyaran Hali sun daɗe suna nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, yayin da fiye da mutum 3,000 ke jiran hukuncin kisa. A 2012 Kotun ECOWAS ta yanke cewa tsare Sikiru Alade na tsawon shekara tara ba tare da shari'a ba ya saɓa wa haƙƙinsa. An kama Moses Akatugba a jihar Delta a 2005 yana ɗan shekara 16, aka yanke masa hukuncin kisa a 2013 bisa takardar amsa laifin da ya ce da azaba aka sa shi ya sa mata hannu, sannan Gwamna Emmanuel Uduaghan ya yi masa afuwa a 2015. Tun a 1986 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa kashe Nasiru Bello da gwamnatin jihar Oyo ta yi, alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu, ya saɓa wa doka. Ko ya aikata ko bai aikata ba, babu sauran kotun da za ta saurare shi.

Dokokin kariya suna nan a rubuce. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta yi tanadin ɗaukar amsa laifi a bidiyo da ɗaukar jawabin wanda ake zargi a gaban lauyansa, ta kuma ɗora wa alƙalan majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta mai da gallaza wa wanda ake tsare da shi laifi. Sashe na 35(6) na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Sai dai wanda kotu ta ɗaure da kanta, daga baya aka gano kuskure ne, lauyoyin gwamnati na iya cewa tsarewar tasa bisa umarnin kotu aka yi ta. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan 'yancin jama'a da na siyasa, wadda Najeriya ta shiga a 1993, ta wajabta biyan irin wannan mutum diyya. Kuma idan shari'a ta ƙare a Kotun Ƙoli, ƙofar da ta fi saura a buɗe ita ce afuwar shugaban ƙasa ko ta gwamna a ƙarƙashin sashe na 175 da na 212. Afuwa kuwa yafiya ce, tana fitar da mutum daga gidan yari, amma ba ta gaya wa unguwarsu cewa ba shi ne ya aikata ba.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Darasin farko daga waɗannan ƙasashe ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a adana kayan shaida na manyan laifuka muddin wanda aka ɗaure yana tsare, domin samfurin da aka ajiye a 1986 shi ne ya fitar da Sullivan a 2025. Na biyu, a tilasta ɗaukar tambayoyin 'yan sanda a bidiyo tun daga farko har ƙarshe, kotuna kuma su ƙi karɓar takardar amsa laifin da ba ta cika wannan sharaɗi ba. Na uku, a gyara yadda ake jera mutane domin mai shaida ya nuna wanda yake zargi, ta yadda jami'in da ke gudanar da jerin shi kansa bai san wanda ake tuhuma ba. Na huɗu, ɗakunan gwaji su kasance masu cin gashin kansu, lauyan wanda ake tuhuma ya samu damar kaiwa gare su kamar yadda mai gabatar da ƙara yake samu. Na biyar, Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta samar da hanyar sake duba shari'ar da ta ƙare idan sabuwar hujja ta bayyana, tare da dokar diyya da ta haɗa da masauki da magani da koyon sana'a da goge sunan mutum daga kundin masu laifi.

Babu tsarin shari'ar da ɗan Adam ke gudanarwa da zai kuɓuta daga kuskure baki ɗaya. Abin da ke hannun hukuma shi ne ta rage hanyoyin da kuskuren ke shigowa, ta bar ƙofar gyara a buɗe, ta kuma ɗauki nauyin wanda ta zalunta tun yana da sauran kwanan da zai amfana da diyyar.